Rami na Biyu

A wani daji da kasuwarsa ke ci a gindin wani tsohon suri, zabi ba sa kwanci. Haka suka taso suka tarar. Zabuwa ta saka ƙwanta, ta kai ajiya, ta koma rumfarta, ranar da aka ƙyanƙyashe a aiko mata ta zo ta kwashi 'ya'yanta. Zama a kan ƙwai, a wurinsu, aikin kaji ne da sauran waɗanda ba su da abin yi.

Masu ajiyar ƙwai biyu ne a kasuwar. Akwai Mesa, mai rami ta gabas, wadda ke naɗe ƙwai da jikinta har su fashe. Akwai Guza, mai rami ta yamma, wanda ke binne su cikin yashi mai ɗumi. Kowa ya san dukansu biyu suna son ƙwai, kuma ba don ajiya kaɗai ba. Abin da ya tsare ƙwan jama'a shi ne Mesa da Guza ba sa shan inuwa ɗaya. Ranar da ƙwai guda ya ɓata a ramin gabas, tun kafin mai shi ta ji labari, Guza ya haye kututture yana shela.

"Jama'a, ku zo ku dubi wuyan uwar ɗakinku! Jiya ba haka yake ba!"

In kuwa a ramin yamma abin ya faru, Mesa ce za ta ɗago kai ta roƙi masu wucewa, cikin ladabi, su je su duba haɓar Malam Guza, ko gwaiduwar ta bushe. Da haka suka shekara da shekaru, biyun duka da yunwa, biyun duka da amana.

A dajin akwai Hukumar Duba Haɗaka. Duk 'yan kasuwa biyu da ke son haɗe sana'arsu ta zama ɗaya, sai hukumar ta duba ta yarda. Iya Hawainiya ce ke riƙe da ita. Yadda take aiki, sai ta taka da ƙafarta zuwa rumfar da ake magana a kai, ta leƙa ciki, ta taɓa kaya, ido ɗaya na kan masu sayarwa, ɗayan na kan masu saye. Ba ta taɓa yin kuskure ba. Ba ta kuma taɓa gamawa da wuri ba, domin kafin Iya ta ajiye ƙafa ɗaya sai ta yi shawara da sauran ukun. Wasu kuregu biyu sun taɓa neman haɗe rumfunan gyaɗarsu a farkon rani. Kafin izini ya fito, damina ta sauka, gyaɗar ta tsiro a cikin buhu.

Wannan gyaɗar ce ta jawo gyara. Manyan kasuwa suka taru, suka ɗauko Malam Dila, wanda ya yi karatu mai zurfi a kan harkar gasa, suka ɗora shi a kan suri. Aka yi wa Iya godiya mai yawa, aka ba ta matsayin mai ba da shawara, wato wadda ba za a ƙara tambaya ba. Dila ya gyara zama ya yi jawabi.

"Jama'ar kasuwa, ba mu zo cin mutuncin Iya ba. Iya ta yi aiki, amma zamani ya yi gaba. Me ake nema idan ana duba haɗaka? Kada mai saye ya rasa zaɓi, kada farashi ya tashi. To zaɓi, daga kan surin nan ma ana hango shi. A ƙirga bakin ramuka ko na rumfuna, in sun kai biyu, akwai zaɓi. Farashi kuma kunne ke jin sa. Saukowa ƙasa, da leƙe-leƙe, da taɓe-taɓe, su suka sa gyaɗar bayin Allah ta tsiro. Daga yau hukuma ba za ta sauka daga kan suri ba. Wanda ya kawo buƙata za a yi shelarta. In wata kasuwar ta zagayo ba mu ji mai ja ba, an amince."

Aka yi ta tafi da fukafukai. Cikin masu tafin har da wata matashiyar zabuwa mai suna Kyallu, mai rumfar sayar da gara. Makaranta ɗaya suka yi da Dila, shi yana gaba da ita, kuma tun a can aka san ta da ɗaga kai da rashin barin magana ta wuce. Ita ma ta gaji da jinkirin Iya. A lokacin kuwa ƙwanta na fari a duniya yana binne a yashin Guza.

Ba a daɗe ba aka wayi gari da abin da ba a taɓa gani ba, Mesa da Guza kwance a inuwa ɗaya, suna hira ƙasa-ƙasa. Da hantsi suka isa gindin suri. Mesa ce ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, mun gaji da gaba. Shela tana cin lokaci, tana ɓata suna, tana tayar wa iyaye mata hankali. Muna so mu haɗe, duk ƙwai ya koma rami ɗaya, a ramina, ni in naɗe, Malam Guza ya lulluɓe da yashi. Albarkacin wannan sauƙi, za mu daina karɓar ko ƙwayar gero. Ajiya ta zama kyauta."

Dila ya ɗaure fuska, don yana so a san sabuwar hukuma tana da haƙora.

"Ban yarda ba. In kun koma rami ɗaya, baki ɗaya zan hango daga nan. Sai kun ba da ramin yamma ga wani ɗan kasuwa mai zaman kansa, wanda zai yi gasa da ku."

Kasuwa ta ɗauka da yabo. Mesa ta sunkuyar da kai ta ce hukunci ya yi tsauri, amma za su yi biyayya.

Washegari aka ga sabuwar 'yar kasuwa a bakin ramin yamma. Doguwa ce, mai zane a jiki kamar na Mesa, tana kwance cikin natsuwa. Guza ya gabatar da ita, ya ce sunanta Saɓa, ba ta da yawan magana. Mesa kuwa ranar jikinta sai sheƙi yake yi, kamar wadda ta sake sabon zane.

Kyallu ta je har wurin ta duba. Ta zaga ta kai, ta zaga ta wutsiya, ta ga iska na ɗaga tsakiyar. Ranar da kasuwa ta zagayo ta tsaya a gindin suri, ƙirji a gaba.

"Ranka ya daɗe, ina ja. Abin da ke bakin ramin yamma ba 'yar kasuwa ba ce. Tsohuwar fatar Mesa ce da ta tuɓe, kowane maciji yana yi. Babu kowa a ciki. Kuma ko da akwai, ba yawan ramuka ke tsare mana ƙwai ba. Shelar Kawu Guza ce ke tsare na gabas, bakin uwar ɗaki ne ke tsare na yamma. Ranar da suka daina tona wa juna asiri, wa zai yi mana shela? Fata? Ni ma na nemi a yi sauri, Malam. Ban nemi a rufe ido ba."

"Mun ji ki, Malama Kyallu, kuma ba ki canza ba," in ji Dila. "Daga nan ina hango baki biyu, kowanne da mai shi a kwance. Saɓa ta ƙara farashi?"

"Ba ta ƙara ba."

"An taɓa kawo ƙararta?"

"Fata ce, Malam. Ka sauko ka taɓa."

"Taɓawa ai ita muka soke. To ke, an ci miki ƙwai?"

"Ba a ci ba tukuna."

"Hukuma ba ta aiki da tukuna. In an ci, ki dawo, ƙofarmu a buɗe take. An amince da haɗaka."

Ana watsewa aka ga Iya Hawainiya ta sauko daga reshen da aka ajiye ta, ta juya fuska yamma, ta ɗaga ƙafa ɗaya.

"Iya, ina zuwa?" in ji Dila.

"Zan je in gani."

"Ba a sa ki ba, Iya."

"Na sani, ɗan nan," ta ce, ta ajiye ƙafar.

Kyallu ba ta jira ta ba. Ta wuce wurin Guza tun kafin a kwashe ƙwai zuwa gabas, ta ce a ba ta nata.

"Haba ɗiyata, yanzu da ajiya ta zama kyauta?"

"Kyautar ce ta ba ni tsoro, Kawu. Da me za ku riƙa karyawa?"

Guza ya lashi baki, ya ce Allah ke ciyar da bawansa. Kyallu ta tone yashin da ƙafarta. Ta gangaro da ƙwan ɗaya bayan ɗaya da baki, ta tsakiyar kasuwa, kowa na kallo, har ƙarƙashin wata ƙaya da ke gefen hanya. Ta tara su, ta dube su, sannan ta yi abin da ba a taɓa ganin zabuwa ta yi ba a dajin. Ta hau kai ta zauna.

Kafin azahar ƙanwar ubanta, Gwaggo Marka, ta iso tana huci.

"Kyallu! Me nake gani? Tashi! Duk karatun da aka kashe miki, a kan ƙwai za ki ƙare kamar kazar gidan wani? An ce kyauta ce, ni ma na kai nawa. Ke kaɗai ce mai hankali a dangi?"

"Gwaggo, sannu da rana."

"Kar ki sannu da rana ni! Rumfar fa?"

"Ta jira."

Rumfar ba ta jira ba. Garar ta watse, wata fakara ta gyara wurin ta baza tsaba. Kwanci kuma ba ƙaramin aiki ba ne ga wadda ba a koya wa ba. Ƙafafunta suka sage, gashin ƙirjinta ya zube, ruwa ya dake ta, rana ta busar da ita. Abin da ya gifta gaban bakinta shi take ci. 'Yan matan zabi in sun zo wucewa sai su yi kukan kaza, su tuntsire da dariya. Kyallu sai ta ƙara ɗaga kai, ko da yake daga zaune ba ya kai inda yake kaiwa da.

A gabas kuwa kasuwa ta yi shiru, shirun da dattawa suka ce ba su taɓa jin mai daɗinsa ba. Babu shela, babu tonon asiri. Sai dai lokacin ƙyanƙyasa ya zo, aike ya yi ƙaranci. Wadda ta je tambaya sai Mesa ta yi mata ta'aziyya, ta ce bana ƙwai bai yi albarka ba, Guza ya tabbatar. Dukansu biyu sun yi ƙiba, abin da aka danganta da kwanciyar hankali.

Wata makwarwa ta kai kuka gindin suri. Dila ya saurare ta da tausayi.

"Baiwar Allah, a halin yanzu kina da ƙwai a ajiya?"

"Babu ko ɗaya, ranka ya daɗe. Shi ne nake gaya maka."

"To hukuma tana sauraron masu ƙwai a ajiya ne, su ne abin ya shafa. Amma don gaba, in ba ki ji daɗin gabas ba, ga yamma nan. Don irin haka muka dage sai an bar rami na biyu."

Makwarwar ba ta je yamma ba. Da ta sake saka guda biyu, sai ta lallaɓo ta bayan ƙaya, ta ce, "Yaya, ko da ɗan wuri?" Kyallu ta ɗaga fiffike, makwarwar ta tura ƙwanta ciki. Bayanta wata ta zo, sai wata. Kyallu ta baje har ta zama kamar faifai.

Daga kan suri Dila ya hango shige da fice a gindin ƙaya, ya yi murna ƙwarai. Ya tara jama'a ya sanar da su cewa masu ajiya sun zama uku, abin da ba a taɓa samu ba a zamanin Iya, kuma wannan shi ne amfanin gyara.

Mesa ma ta hango. Ta taso daga gabas, ta zo ta naɗe a inuwar da ke kusa da ƙayar, ta aika Guza gindin suri da sabuwar buƙata: tana son haɗewa da rumfar ajiyar Kyallu. Sabon tsari ya yarda ɓangare ɗaya ya nema a madadin biyu, don rage zirga-zirga. In an haɗe, baki biyu za su rage, gabas da Saɓa, zaɓi bai taɓu ba. Aka yi shela. Aka ce duk mai ja sai ya zo gindin suri.

Mesa ba ɓarauniya ba ce, wannan kowa ya shaida. Ba ta taɓa cin ƙwan da bai zo hannunta ta hanyar da ta dace ba. Amma tun zamanin kakanni al'adar kasuwar ita ce, ƙwan da aka tarar babu kowa a kansa, ana miƙa shi ga mai ajiya mafi kusa, don kada ya lalace.

"Je ki abinki, 'yata," in ji Mesa a hankali. "Haƙƙinki ne ki yi ja. Ga ni nan kusa."

Kyallu ta dubi surin can nesa. Ta dubi Mesa. Ta ji ɗumin ƙwan a ƙarƙashinta, nata da na waɗanda suka ba ta amana. Sai ta miƙe wuya daga inda take zaune, ta buɗe baki da dukan ƙarfin da Allah ya ba zabuwa.

"Ban yarda ba! Ban yarda ba! Ban yarda ba!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan itatuwa. Dila ya toshe kunne ɗaya, ya aiko a ce mata ta zo ta faɗa a inda ake faɗa.

"A ce wa Malam, shi ya ce kunne ke aiki a sabon tsari. Ya ji ko bai ji ba?"

Ya ji, kuma shi mai bin ƙa'ida ne. Ya yi nazari, ya fitar da hukunci: jan da aka yi daga nesa yana nan muddin ana jin sa. In ya yanke alhali hukuma na zaune, an koma shiru, kuma kowa ya san hukuncin shiru. Hukumar tana zama daga hantsi zuwa la'asar.

Haka Kyallu ta shiga yi. Da hantsi ta fara, ba ta tsayawa sai inuwar suri ta miƙe gabas. Ba ta cin komai a tsakani, don mai ci ba ya kuka. Kasuwa ta zagayo ta same ta tana yi, ta sake zagayowa. Masu rumfuna suka yi ta tsaki, wasu suka ce karatu ne ya taɓa ta. Muryar ta fara dushewa, ta koma kamar ana goga dutse a kan dutse. Mesa kullum tana matsowa kaɗan, tana tambayarta ko ta kawo mata ruwa.

Wata rana da azahar muryar ta tsaya. Kyallu ta buɗe baki, iska kawai ta fito. A kan suri Dila ya ɗaga kunne. Mesa ta fara warware jikinta.

Sai aka ji wata tsohuwar murya, mai kaifi kamar an tsaga gwangwani, daga bayan ƙaya.

"Ba mu yarda ba! Ba mu yarda ba!"

Gwaggo Marka ce. Ita ma an yi mata ta'aziyyar nata ƙwan tuntuni, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ja numfashi ta harari Kyallu.

"Kar ki kalle ni. Ba don ke na zo ba. Kukan naki ne ke ba ni kunya, kamar ba a gidanmu aka haife ki ba. Sha ruwa."

Daga ranar suka riƙa karɓa-karɓa. Makwarwa ma ta sa baki, ko da yake muryarta ba ta kai ko'ina. 'Yan matan da ke kukan kaza suka fara tsayawa daga nesa, sannan daga kusa, sannan wata a cikinsu ta sa baki, ta ce ita dai don ta nuna yadda ake yi ne.

Da wata safiya Kyallu ta ji motsi a ƙarƙashinta. Kafin rana ta take, gindin ƙaya ya cika da 'yan tsaki, na zabi da na makwarwa a cakuɗe, suna tattaka juna. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi, sai da Gwaggo ta tokare ta. Ta tsaya a karkace, ƙirji babu gashi, ta ɗaga kai har inda yake kaiwa da.

Mesa ta leƙa ta ga ɓawo kawai. Ta aika gindin suri cewa ta janye buƙatarta, domin binciken da ta yi ya nuna rumfar ba ta da kaya. Dila ya sanar da cewa mai ajiya ta uku ta bar kasuwa don kanta, kamar yadda ƙananan 'yan kasuwa kan yi idan suka kasa jure gasa.

Kyallu ta bi ta gaban suri da 'ya'yanta a baya. Ba ta da rumfa, ba ta da murya. Dila ya yi mata barka, ya ce yana fata baɗi za ta yi amfani da ɗaya daga cikin ramuka biyun da hukuma ta tanadar mata.

"Baɗi ina gindin ƙaya, Malam," ta ce da abin da ya rage mata na murya. "Ka gyara kunnenka. Waɗannan ma za su iya kuka kafin nan."

Tana rufe baki sai ga Iya Hawainiya ta iso daga yamma, jikinta duk ƙura, ta ajiye ƙafar ƙarshe a gindin suri.

"Na je, na gani, na taɓa," ta ce. "Fata ce. Babu kowa a ciki. Har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin ramin."

Dila ya ce wannan zargi ne mai nauyi a kan 'yar kasuwar da ba a taɓa kawo ƙararta ba, kuma hukuma ba za ta yanke hukunci ba tare da ta ji daga bakin mai abin ba. Ya miƙe a kan suri, ya fuskanci yamma, ya ɗaga murya.

"Malama Saɓa! Hukuma ta ɗauka kina da rai, kuma kina zaman kanki. In ba haka ba ne, ki yi magana!"

Aka jira har la'asar. Ba ta musa ba.